Dashen na'urar ji ga yaron da kurumtarsa ta zo tare da wata larura: jagora ga iyaye

A cikin kowane yara goma masu kurumta mai ɗorewa, kusan uku zuwa huɗu suna ɗauke da wata larurar bayan ta kunne. Wani ya shekara wuyansa bai tsaya ba, gaɓoɓinsa suna sanƙarewa saboda raunin da ƙwaƙwalwarsa ta samu. Wani idonsa ne ke da matsala. Wani kuma yana fama da farfaɗiya, ko jinkirin fahimta, ko otizim (larurar da ke wahalar wa yaro hulɗa da mutane), ko ciwon zuciya da aka haife shi da shi. Dalilin haɗuwar a fili yake, domin abubuwan da ke lalata jin jarirai su ne dai suke taɓa ƙwaƙwalwa da ido: sanƙarau, shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, haihuwar bakwaini, doguwar naƙudar da ta hana jariri iska, da cututtukan da uwa kan kamu da su tana da juna biyu, irin su rubela da ƙwayar CMV. A farkon zamanin dashe, cibiyoyi da yawa sukan mayar da irin waɗannan yara gida, bisa hujjar cewa ba lallai ne su yi magana ba. An bar wannan ra'ayi a yawancin manyan cibiyoyi, kuma a ganina an yi daidai, domin yaron da ido ko ƙafa suka gaza masa ya fi kowa buƙatar kunne. Sai dai hanyar wannan yaro ta fi ta sauran tsawo, kuma iyayen da suka shige ta ba tare da sanin matakanta ba sukan kashe dukiya mai yawa su ƙare da ɓacin rai.

Abin da na'urar take yi da abin da ba ta yi

A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wata gaɓa mai naɗi irin na katantanwa. A cikinta ne dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi suke mayar da sauti ya zama saƙon da jijiyar ji za ta kai wa ƙwaƙwalwa. A yawancin yara masu kurumta mai tsanani waɗannan ƙwayoyi ne suka mutu, alhali jijiyar tana nan da ranta. Na'urar ƙara ji ta yau da kullum ƙara sauti kawai take yi, don haka ba ta da amfani sosai idan babu masu karɓar sautin. Na'urar dashe kuwa tsallake ƙwayoyin take yi. Tana da sashe biyu: na ciki, wanda likita ke binnewa ƙarƙashin fata a bayan kunne, tare da wani siririn zare mai ɗigon lantarki 12 zuwa 22 da ake zurawa cikin katantanwar, da na waje, mai makirufo da batir da wani faifai da ke mannewa a kai ta hanyar maganaɗisu. Na waje yana ɗaukar sauti ya aika ciki, na ciki kuma ya motsa jijiya kai tsaye.

Farfesa Graeme Clark na Melbourne a Ostareliya ya yi dashensa na farko na irin wannan na'ura mai ɗigo da yawa a 1978. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa yara daga shekara biyu a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan zuwa wata tara a 2020. Kamfanonin da suka fi yaɗuwa su ne Cochlear na Ostareliya, da MED-EL na Austiriya, da Advanced Bionics na Amurka.

Abin da ya wajaba iyaye su riƙe tun daga nan shi ne, na'urar tana kai sauti ƙofar ƙwaƙwalwa ne kawai. Kamar jawo wayar lantarki ne daga bakin titi zuwa gida: ko fitila za ta kama, da irin hasken da za ta bayar, ya danganta da wayoyin da ke cikin gidan. Na'urar ba ta warkar da shanyewar jiki, ba ta ɗauke otizim, ba ta kuma ƙara wa yaro ƙarfin fahimtar da bai zo da shi ba.

Mataki na farko: a tabbatar da gwargwadon jin yaro

Ƙa'idar da ƙwararru suke bi ita ce a yi wa jariri gwajin ji kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. A yankunanmu kaɗan ne asibitocin da ke gwada jarirai kafin sallama, don haka nauyin lura ya koma kan iyaye. Duk jaririn da aka sa a kwalba, ko aka yi masa musayar jini saboda shawara, ko aka yi masa allurar jentamaisin (wani maganin kashe ƙwayoyin cuta) na kwanaki, ko ya yi sanƙarau, ya kamata a kai shi gwaji ko da ana ganin kamar yana ji. Tafa hannu a bayan yaro ko buga murfin tukunya ba gwaji ba ne, domin kurman yaro yana jin motsin iska da girgizar ƙasa a jikinsa, yana kuma ganin inuwa. Sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, su ne wuraren da ya dace a fara tuntuɓa.

Gwaji biyu ne ginshiƙi. Na farko, OAE, yana duba ko ƙwayoyin cikin katantanwa suna amsawa, kuma mintuna kaɗan yake ɗauka. Na biyu, ABR, ana manna wa yaro 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, a ga ko saƙo yana tafiya ta jijiya. Yaron da ke da wata larura lallai ne a yi masa duka biyun. Dalili kuwa, jariran da shawara ta taɓa da bakwaini sukan zo da wani nau'in matsala inda katantanwa ke aiki amma jijiya ba ta isar da saƙo a daidaice. Irin wannan yaro zai ci gwajin OAE, a ce wa uwa lafiyarsa ƙalau, alhali maganar mutane tana isa gare shi a cakuɗe. A wasu daga cikin waɗannan jarirai jijiyar takan farfaɗo cikin watanni, saboda haka ake maimaita ABR kafin a yanke shawarar tiyata.

Akwai kuma gwajin da ake koya wa yaro ya waiwaya zuwa wani abin wasa mai haske duk lokacin da ya ji sauti. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko wanda ba ya gani sosai, ba zai iya waiwayawa ba ko da ya ji, don haka kada a yarda a yanke masa hukunci da wannan gwaji shi kaɗai. A nan bayanin uwa yana da nauyi ƙwarai, domin ita ta san cewa ɗanta yana nuna ya ji ne ta hanyar dakatar da tsotso, ko zare ido, ko sauya numfashi.

Idan gwaji ya nuna kurumta mai tsanani a kunnuwa biyu, wato yaro ba ya jin sauti sai ya kai wajen dasibel 80 zuwa 90 (dasibel ma'aunin ƙarfin sauti ne, hira ta yau da kullum tana wajen 60), za a sa masa na'urar ƙara ji mai ƙarfi na wata uku zuwa shida. Wannan lokaci yana nuna ko akwai sauran jin da za a ci moriyarsa, kuma yana sabar wa yaro da ɗaukar abu a kunne, wanda ga mai otizim babban aiki ne.

Sanƙarau ba ya jira

Wuri ɗaya ne ba a tsaya wa wancan gwaji na watanni, wato kurumtar da ta biyo bayan sanƙarau. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da wannan cuta ke ɓarkewa a lokacin zafi, don haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Bayan sanƙarau, ruwan da ke cikin katantanwar kunne yakan fara daskarewa ya koma ƙashi, kuma hakan na iya somawa cikin makonni kaɗan. Idan hanyar ta toshe, zaren na'ura ba zai shiga duka ba, ko ya ƙi shiga sam, sakamakon kuma ya yi rauni har ƙarshen rayuwa. Saboda haka duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin a sallame shi, ko cikin mako huɗu bayan ya samu sauƙi. Iyaye da yawa suna shagala da farfaɗiya ko raunin ƙafa da cutar ta bari, su ce a bari yaro ya murmure tukuna kafin a koma kan kunne. Wannan jinkiri ne da ba a iya ramawa. Haka nan watannin da ake ɓatawa ana ɗiga mai ko jiƙo a kunne ba sa dawowa. Addu'a da zuwa asibiti kuwa ba sa hana juna.

Mataki na biyu: a duba yaro gaba ɗayansa

Kafin a yi maganar ranar tiyata, dole likitan yara ya binciki dalilin kurumtar da sauran abin da ke tare da ita. Gwajin ido wajibi ne ga kowane kurman yaro. Rubela takan zo da yanar ido da ciwon zuciya. Larurar Usher kuwa, wadda ake gado daga uwa da uba duka, takan fara da kurumta tun haihuwa da jinkirin tafiya, sannan ganin dare ya soma raguwa a ƙarshen yarinta, filin gani ya riƙa ƙuntata. Irin wannan yaro shi ne ya fi cancanta a gaggauta dasa masa a kunnuwa biyu, domin wata rana kunne ne zai zama jagoransa, kuma yawancinsu suna koyon magana da kyau. Larurar CHARGE tana haɗa naƙasar ido da zuciya da toshewar bayan hanci da kunne mai siffa ta daban, kuma sau da yawa jijiyar ji takan zo siririya ko babu ita.

A nemi a yi gwajin bugun zuciya na ECG, musamman idan yaron yana yawan suma ko an taɓa samun mutuwar fuju'a ta ƙaramin yaro a dangi. Akwai wata larurar gado da ke haɗa kurumta da rikicewar bugun zuciya, wadda ake kira Jervell da Lange-Nielsen. Ana ɗaukar sumanta a matsayin farfaɗiya, kuma tana da haɗari a lokacin allurar barci idan ba a san da ita ba. A gaya wa likita gaskiya idan auren zumunci ne, domin irin waɗannan larurori sun fi bayyana inda iyaye suke jini ɗaya, kuma sanin hakan yana taƙaita bincike. Ƙwayar CMV kuwa ana tabbatar da cewa da ita aka haifi jariri ne ta fitsari ko yawu cikin mako uku na farko. Kurumtarta takan ƙaru a hankali, don haka yaron da ya ci gwaji yana jariri zai iya rasa ji daga baya.

Mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne auna matakin fahimtar yaro ta hanyoyin da ba su dogara da magana ba: yadda yake wasa, yadda yake neman abin da aka ɓoye, yadda yake kallon fuska ya kwaikwayi abin da ya gani. Bincike ya sha nuna cewa wannan shi ne abin da ya fi hasashen ko yaro zai yi magana bayan dashe. Yaron da jikinsa ya shanye amma fahimtarsa ƙalau take yakan gane magana sosai, ko da furucinsa ya yi nauyi saboda tsokokin baki. Otizim kuwa yana da wuyar ganewa a ƙaramin kurma, kuma sau da yawa sai bayan dashe ake gano shi, lokacin da aka ga sauti yana shiga amma yaron bai damu da neman hulɗa da mutane ba.

Mataki na uku: hoton cikin kunne

Ana ɗaukar hoton CT domin ganin ƙashi da siffar katantanwa da inda jijiyar fuska ta bi, da hoton MRI domin ganin ruwan ciki da jijiyar ji da ƙwaƙwalwa. Tambayar da uba zai yi a nan gajera ce: “Likita, jijiyar tana nan a kunnuwa biyu?” Idan babu jijiya, dashen katantanwa ba zai yi aiki ba, akwai wata na'urar da ake ɗorawa a tushen ƙwaƙwalwa, amma cibiyoyi ƙalilan ne a duniya suke yi wa yara ita, kuma amfaninta bai kai na waccan ba. Tunda yawancin yara sai an sa su barci kafin hoto, a roƙi a haɗa hotunan da gwajin ABR a zama ɗaya idan asibitin zai iya.

Mataki na huɗu: a zauna a tsayar da buri

Wannan zama shi ne zuciyar al'amarin, kuma ya kamata uwa da uba su halarta tare da duk wanda ke da ta cewa a gidan, ko kaka ce ko yayan uba, domin su ne za su fara tambaya bayan wata uku cewa me ya sa har yanzu bai ce komai ba. Tambayar kowa ɗaya ce: zai yi magana? Likita mai gaskiya ba zai yi alkawari ba. Abin da zai iya yi shi ne ya bayyana matakan da ji ke bi: yaro ya fara sanin akwai sauti, ya waiwayo idan an kira sunansa, ya bambance muryar uwa da ta wani, ya gane kukan akuya da ƙarar babur, ya fahimci umarnin yau da kullum ba tare da nuni ba, sannan daga ƙarshe ya furta kalmomi ya haɗa jimla. Wasu yara masu ƙarin larura suna hawa matakan duka, sai dai a hankali. Wasu suna tsayawa a tsakiya.

Ina ganin kuskure ne babba a ɗauki tsayawa a tsakiya a matsayin asara. Yarinyar da ba ta gani kuma ba ta iya juya jikinta, wadda a da sai dai ta ji an ɗaga ta kwatsam ta firgita ta sanƙare, idan ta kai matsayin da za ta ji takun uwarta da muryarta kafin hannu ya taɓa ta, rayuwarta ta sauya ko da ba ta taɓa furta kalma ba. Yaro mai otizim da ya soma tsayawa idan an daka masa tsawa yana shirin faɗa wa titi ya samu kariya ta gaske. Iyaye da yawa a ƙasashen da aka bibiyi irin waɗannan yara sun ba da rahoton ƙarin natsuwa da shiga cikin harkokin gida da jin daɗin waƙa. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta buri biyu ko uku na shekarar farko, waɗanda suka dace da wannan yaro, a ajiye takardar.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar sauti ya fi saurin ginuwa kafin shekara uku da rabi, kuma bayan shekara bakwai ba tare da taɓa jin sauti ba, koyon magana ta kunne yana da wuya matuƙa. Duk da haka, idan zuciya na buƙatar gyara ko farfaɗiya ba ta lafa ba, su ne a gaba. Akwai kuma lokacin da shawarar da ta dace ita ce a bar dashen: idan babu jijiya, ko jikin yaro ba zai ɗauki allurar barci ba, ko iyali ba su da halin komawa cibiyar a kai a kai. Iyayen da suka zaɓi haka bayan sun fahimta ba su yi wa ɗansu laifi ba.

Maganar kuɗi ta shigo nan. Na'urar da tiyatar suna cin miliyoyin naira masu yawa, kuma cibiyoyin da ke yi a Nijeriya ƙalilan ne, shi ya sa wasu ke tafiya Indiya ko Masar. Kafin a sayar da gona ko a buɗe asusun neman taimako, a samu amsa a rubuce kan waɗannan: wane ne zai riƙa saita na'urar bayan an dawo gida, kuma yana da manhajar wannan kamfanin? Ina za a sayi waya da faifai da batir idan sun lalace? Shekara nawa ne garantin kowane sashe? Sashen ciki yawanci yana da garantin shekara goma kuma an ƙera shi ya daɗe fiye da haka, amma na waje akan sauya shi bayan shekara biyar zuwa bakwai. Iyalin da suka tara kuɗin tiyata kaɗai ba su tara duk abin da ake buƙata ba.

Mataki na biyar: tiyata

Masu na'urar dashe suna da ƙarin haɗarin kamuwa da sanƙarau, don haka a kammala allurar rigakafin numokokas (ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar da ke jawo sanƙarau) da sauran rigakafin yara aƙalla mako biyu kafin aiki. A nuna wa likitan allurar barci duk magungunan da yaro ke sha, a kuma gaya masa idan yana shaƙewa wajen haɗiya ko yana minshari mai ɗauke numfashi. Idan an taɓa sa masa bututun janye ruwan kai, a faɗa tun da wuri, domin wasu bututun ana saita su da maganaɗisu kuma sai an nisanta su da na'urar. Yaron da zai buƙaci hoton MRI nan gaba saboda farfaɗiya ko wata matsalar ƙwaƙwalwa a zaɓa masa samfurin da ke shiga injin ba tare da an cire maganaɗisu ba. Aikin kansa yana ɗaukar sa'a biyu zuwa uku a kowane kunne, ta wata 'yar tsaga a bayan kunne, kuma akan sallami yaro bayan kwana ɗaya ko biyu, sai dai mai ƙarin larura yana iya daɗewa. Haɗuransa sun haɗa da ruɓar ciwo, jiri, sauyin ɗanɗano, ɗigar ruwan ƙwaƙwalwa idan katantanwa ba ta da cikakkiyar siffa, da rauni ga jijiyar fuska, wanda ba kasafai yake faruwa ba.

Mataki na shida: kunnawa da saiti

Yaro ba ya ji da farkawarsa daga tiyata. Sai ciwon ya warke, bayan mako biyu zuwa huɗu, ake manna sashen waje a haɗa shi da kwamfuta. A ranar kada a cika ɗakin da 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Wani yaro zai tsaya cak ya zare ido, wani ya fashe da kuka ya fizge faifan, wani kuma ba za a ga komai a fuskarsa ba, kuma duk ukun ba sa nuna yadda ƙarshen zai kasance.

Saiti shi ne a gano wa kowane ɗigo ƙaramin lantarkin da yaro zai fara ji da mafi girman da ba zai dame shi ba. Babban mutum zai faɗa da bakinsa, amma wannan yaro ba zai faɗa ba, don haka ƙwararren yana dogara da awon da na'urar kanta ke yi na amsar jijiya, da kuma idon uwa. Idan aka ga yana ƙifta ido da ƙarfi, ko gefen fuskarsa yana motsi duk lokacin da aka yi ƙara, ko yana taurare jiki, sautin ya yi yawa ko lantarki yana taɓa jijiyar fuska, kuma a koma a rage. Ga mai otizim da wanda jikinsa ke saurin zabura, a fara da ƙasa-ƙasa a riƙa ƙarawa cikin makonni. Mummunar rana ɗaya tana iya sa yaro ya ƙi na'urar watanni. Ana komawa saiti sau da yawa a watannin farko, sannan duk bayan wata uku zuwa shida, daga baya sau ɗaya a shekara.

Mataki na bakwai: na'urar ta zauna a kai

Burin shi ne yaro ya sa ta duk lokacin da idonsa biyu, kuma a aikace wannan ne abin da ya fi wahalar da iyaye. Yaron da wuyansa bai tsaya ba yana wuni kansa a jingine, a bayan uwa ko a kan matashi ko a kujerar guragu. Da zarar ya mirgina kai, faifan ya goge a jikin zane ya faɗo, shi kuma ba zai iya mayarwa ba, ba zai iya kira ba, sai ya koma cikin shiru har wani ya lura. Saboda haka a nuna wa likita yadda yaro ke zama da kwanciya tun kafin tiyata, domin ya zaɓi inda zai binne sashen ciki. A ɗinka masa ɗaurin kai na yadi mai laushi da aljihu, ko hula marar kauri wadda ba ta rufe makirufo, a kuma maƙale na'urar da riga da ɗan zare. Idan za a goya shi, a juya gefen faifan zuwa waje. Kada a ƙara ƙarfin maganaɗisu ba da shawara ba. A riƙa ɗaga gashi kowace rana a duba fatar, idan ta yi ja ko ta lotsa a cire a kira cibiyar. Sababbin na'urori suna ƙirga sa'o'in da aka sa su, don haka a nemi ganin wannan lissafi a kowace ziyara.

Gumi da ƙura su ne abokan gabar sashen waje, don haka a goge shi kowane dare a sa shi a akwatin busarwa. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa jiki ya riƙa tartsatsi, babba ya fara taɓa ƙarfe ko jikin yaro kafin ya taɓa na'urar. A tanadi hanyar caji wadda ba ta dogara da wutar gari ba, ko ta hasken rana ko batir na ajiya. Ƙananan batura masu siffar maɓalli haɗari ne ga yaron da ke kai komai baki. A kulle ƙofarsu, idan kuwa ya haɗiye ɗaya a garzaya asibiti nan take.

Mataki na takwas: koyarwa a gida

Kowace safiya, bayan an manna na'urar, uwa ta zauna gefen yaro inda ba ya ganin bakinta, ta furta sautuka shida ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan dakatawa: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Waɗannan sun ratsa daga mafi kauri zuwa mafi siririn sautin magana, kuma duk suna cikin Hausa. Yaron da jikinsa ke da nauyi yana iya ɗaukar daƙiƙa goma kafin ya amsa, don haka a jira shi. Idan jiya ya amsa sss yau bai amsa ba, a duba batir da waya da murfin makirufo, idan ya ci gaba a koma saiti.

Sauran koyarwar tana cikin aikin gida. A faɗi sunan abu kafin a yi shi: wanka, koko, tashi, ga Baba. A kashe rediyo da talabijin lokacin magana da shi, domin na'urar tana shan wahala a cikin hayaniya. A yi masa waƙar raino, a maimaita kalmomin nan dai a lokutan nan dai. A yi masa magana da harshen gida. Babu dalilin da zai sa uwa ta bar Hausar da ta ƙware a kai ta koma Turancin da take lalube. Na'urar ba ta isar da hawa da saukar murya da kyau kamar yadda take isar da tsawon sauti, amma yaran Sin da aka dasa wa da wuri suna koyon harshensu, wanda shi ma, kamar Hausa, ya dogara da karin sauti. Ga wanda ba ya gani, a sa masa abu a hannu a daidai lokacin da ake faɗin sunansa. Mai gashin ƙashi da mai koyar da magana su san aikin juna, domin yaron da ke fafutikar riƙe kansa ba ya da sauran ƙarfin saurare sai an zaunar da shi da kyau.

Kada a hana shi maganar hannu. Tsohon tsoron cewa nuni zai sa yaro ya yi ƙyuyar magana ya jawo wa yara da yawa zama shekaru babu harshe ko ɗaya, kuma ga yaro mai ƙarin larura wannan caca ce da bai kamata a yi ba. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu tun da daɗewa, makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano kuma suna koyarwa da harshen hannu na makaranta. Wanda yatsunsa ba sa biyayya a yi masa allon hotuna ya riƙa nunawa da hannu ko da ido. Na'ura takan lalace, batir yakan ƙare, ana cire ta wajen barci, kuma a duk waɗannan lokuta yaro yana buƙatar hanyar cewa yana jin ƙishirwa ko cikinsa na ciwo.

Mataki na ƙarshe: bibiya

A auna yaro da kansa na watannin baya, kada a auna shi da ɗan maƙwabta ko da yaran da ake nunawa a bidiyon kamfani. A ajiye littafi a riƙa rubuta sabon abin da aka gani, a ɗauko takardar burin nan duk bayan wata shida a zauna da ƙwararru. Idan shekara ta wuce babu alamar amsa sauti, a bi abubuwa a jere: sa'o'in da yake sa na'urar, lafiyar sashen waje, saiti, gwajin sashen ciki, sannan a sake duba fahimta da ido da alamun otizim. Ciwon kunne mai zazzaɓi, ko kumburi a kan wurin dashe, ko ruwa mai fita daga kunne, ko bugu mai ƙarfi a kai, duk a kai su asibiti a ranar. Zazzaɓi tare da taurin wuya ko yawan barci a ɗauke shi sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Katin shaidar na'urar ya kasance cikin jakar uwa kullum, a nuna shi kafin duk wani hoton MRI ko wata tiyata, domin akwai na'urar ƙona jijiyoyin jini da ba a amfani da ita a kai da wuyan mai dashe.